Na dawo daga hutun Sallah da ƙarin kilo biyar, yaya zan yi?

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Abuja, shekaruna 36, ina da 'ya'ya uku. Na ɗauki hutuna na shekara, mako huɗu, na tafi gida Katsina, sai hutun ya haɗa da Babbar Sallah da bikin ƙanwata. Tsawona mita 1.63 ne, kuma kafin in tafi nauyina kilo 68 ne, amma a daren da na dawo na hau sikeli na ga 73. Gaskiya na ci: soyayyen naman layya safe da yamma, masa, tuwon shinkafa da man shanu, fura da nono, ga alkaki da dubulan na gara, ga lemon kwalba a duk gidan da na shiga gaisuwa. Yanzu kayan da nake zuwa aiki da su sun matse ni. Wata abokiyar aikina ta kawo mini shayin rage ƙiba da ta saya a Instagram, ni kuma na ƙudura in daina karin kumallo da abincin rana, in riƙa shan ruwan zafi da lemon tsami har dare, don in sauke kilo biyar ɗin cikin mako biyu. Mahaifiyarmu tana da ciwon suga, wannan ma yana ƙara tayar mini da hankali. Ina neman shawara.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da dawowa, Allah ya ba amarya da ango zaman lafiya, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Ki fara ajiye wannan shayin a gefe, kada ki buɗe shi, sannan mu duba lambar da sikeli ya nuna miki, domin a kanta kika gina duk wannan shirin, alhali ba ta faɗa miki abin da kike tsammani ba. Kafin jiki ya tara kilo ɗaya na kitse, sai mutum ya ci abincin da ƙarfinsa ya ɗara bukatar jikinsa da kalori (wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) wajen 7,700. Idan kilo biyar ɗin nan duk kitse ne, ke nan kin ci rarar kalori kusan 38,500 a kwana 28, wato wajen 1,400 a kowace rana a bisa abin da jikinki yake ƙonawa. Mace mai tsawonki da nauyinki, wadda aikinta na zama ne, tana bukatar abin da bai wuce kalori 2,000 ba a yini, saboda haka sai dai a ce kin riƙa cin kusan 3,400 kullum ba fashi har tsawon wata guda. A ranakun Sallah da na biki hakan yana iya faruwa, ban musa ba, amma da wuya a ce kowace rana ta hutun haka ta kasance.

Ragowar nauyin ruwa ne da abincin da bai gama wucewa ta hanji ba. Idan mutum ya yawaita cin tuwo da shinkafa da masa da kayan zaƙi, jiki yana adana wani kaso na sukarin a hanta da tsoka, a wata siga da ake kira gilaikojin. Wannan ajiya kamar tsabar da uwar gida take bari a ɗaki ce don girkin yau da gobe, kitse kuwa shi ne rumbu, wanda ba a cika shi ko kwashe shi a rana ɗaya. Babban mutum yana iya riƙe gilaikojin da ya kai rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da ruwa wajen giram uku, don haka cikarsa kaɗai tana iya ɗaga sikeli da kilo ɗaya ko fiye. Ki haɗa da gishiri. Soyayyen naman layya, da kilishi, da dambun nama, da miyar biki da aka cika wa dunƙulen magi, duk suna sa jiki ya riƙe ruwa na wasu kwanaki. Sannan kin auna kanki da dare, bayan kin yini zaune a mota daga Katsina zuwa Abuja, lokacin da ƙafafu suke kumbura kuma ciki yake ɗauke da abin da aka ci a hanya. Idan kuma al'adarki ta kusa a lokacin, ita ma tana da nata kason.

A ganina, kitsen da kika ƙara bai wuce kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi ba, kuma hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce. Ki koma cin abincinki na kullum kamar yadda kike yi kafin tafiya, ki sha ruwa sosai, ki bar sikeli ya huta kwana bakwai zuwa goma. Bayan nan ki auna da safe, bayan kin zaga kuma kafin ki ci komai, a sikelin da kika saba hawa, da tufafi marasa nauyi. Lambar da kika gani a ranar ita ce za mu yi aiki da ita.

Ba don in sa ki sakaci na faɗi wannan ba, domin inda matsalar take shi ne wannan ragowar da ba ta tafiya da kanta. A shekarar 2000 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka sun wallafa sakamakon bin diddigin mutum 195 da suka yi a lokacin bukukuwansu na ƙarshen shekara. Sun tarar cewa abin da mutanen suka ƙara a tsakaice bai kai rabin kilo ba, ƙasa ƙwarai da yadda su kansu suke zato, amma kuma da aka sake auna su bayan watanni, wannan ɗan ƙarin yana nan bai sauka ba. Wani binciken da aka yi a Jami'ar Jojiya ta Amurka, aka wallafa a 2016, a kan manya 122 da suka tafi hutun mako ɗaya zuwa uku, shi ma ya nuna ƙarin da bai kai rabin kilo ba, wanda yake nan har mako shida bayan dawowarsu. Mu kuma Sallah biyu muke yi a shekara, ga bukukuwan aure da suna da ba sa yankewa. Idan kowace shekara ta bar wa mace kilo ɗaya kacal, wadda take 68 a shekara 36 za ta wayi gari tana 78 a shekara 46, ba tare da ta iya nuna ranar da abin ya faru ba. Wannan shi ne abin da ya kamata ki ji wa tsoro, musamman da yake akwai ciwon suga a gidanku, kuma maganinsa ba ya bukatar azabtar da kai.

Game da shayin, yawancin irin waɗannan da ake tallatawa a kafafen sada zumunta suna ɗauke da ganyen da yake sa gudawa, dangin filasko da kakanninmu suka sani a matsayin maganin wankin ciki, wasu kuma suna sa yawan fitsari. Sikeli zai sauka a kwana biyu, mai sayarwa ta ce kin ga aiki, alhali ruwan jikinki ne ya zube tare da sinadaran da zuciya da tsoka suke bukata, kitsen kuwa yana inda yake, domin kafin abinci ya isa babban hanji inda ganyen yake aiki, jiki ya riga ya tsotse ƙarfinsa. Wadda ta daɗe tana sha takan kai matsayin da bayan gida ba ya zuwa mata sai da shi. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni: hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano wani magani mai suna sibutiramin a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne zalla, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ki duba kwalin, mai yiwuwa ko lambar rajistar NAFDAC babu a jikinsa. Ko da akwai, lambar ba shaida ba ce cewa yana narkar da kitse. Ki yi wa abokiyar aikinki godiya, don da kyakkyawar niyya ta kawo, amma ki gaya mata abin da na faɗa, ko ita ma ta daina.

Ruwan zafi da lemon tsami ba ya narkar da komai. In kina jin daɗinsa ki sha, amma idan kina da gyambon ciki zai iya tayar miki da shi, kuma yawan tsami yana cin haƙori.

Shirin yini da yunwa har dare kuwa na san inda yake ƙarewa. Mace mai aiki da 'ya'ya uku, wadda ta fita tun safe ba ta sa komai a bakinta ba, za ta dawo gida da magariba da ciwon kai da gajeren haƙuri, ta zauna a gaban tukunya ta ci na safe da na rana da na dare a zama ɗaya, sannan ta kwanta a kai. Ko da kin daure kin yi mako biyun, wani kaso na abin da zai sauka tsoka ce, ita kuwa tsoka ita ce babbar mai kwashe sukari daga jini, wato abin da 'yar mai ciwon suga ta fi kowa bukatar ta riƙe. Saurin ramewa yana kuma ƙara yiwuwar samun tsakuwa a matsarmama, abin da dama ya fi samun mata. Abin da likitoci suka yarda da shi shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kuma ana samun wajen rabin kilon ta hanyar rage kalori wajen 500 a yini. Da wannan lissafin, kilo biyun da nake zaton sun rage miki aikin mako huɗu ne zuwa shida.

Inda za ki samo waɗannan kalori 500 ba shi da wuyar ganowa, kuma na fi son ki fara da abin sha, domin shi ne yake shiga ba tare da ya ƙosar ba. Kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sha a yini guda, har ma ta ce rabin hakan ya fi. Lemon kwali da maltina ba su fi shi sauƙi ba, haka zoɓo da kunun aya na sayarwa, waɗanda muke ɗauka na gargajiya ne don haka ba su da laifi, alhali sukarin da ake zuba musu ba ya misaltuwa. Ki haɗa naki zoɓon a gida da citta da kanumfari, ki bar shi da tsaminsa ko ki sa sukari kaɗan. Shayin safe mai madarar gwangwani da cokali uku na sukari, ki mayar da shi cokali ɗaya. Fura da nono abinci ce cikakkiya, saboda haka ranar da kika sha ta da rana, ita ce abincin ranarki, kada a ɗora mata shinkafa.

Na biyu shi ne mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu yana da kalori wajen 120, domin kowane giram na mai yana ba da kalori 9, alhali na sitacin da ke cikin tsaba da na furotin da ke cikin nama 4 yake bayarwa. Matan gidajenmu da yawa ba sa auna mai, daga galan suke tsiyayawa har sai ya taso saman miya. Ki riƙa aunawa da cokali na wata guda, za ki yi mamakin yawan abin da kike zubawa a da. Na kuma tabbata ba hannu rabbana kika dawo daga Katsina ba: akwai bokitin soyayyen nama a kicin, akwai ragowar alkaki da nakiya da cincin. Matuƙar suna inda idonki yake ganinsu, hutun bai ƙare ba. Ki raba wa maƙwabta da abokan aiki kayan zaƙin, naman kuma ki ƙulla shi ƙanana-ƙanana ki sa a firiza, ki riƙa jefa yanka biyu ko uku a miya maimakon a ci shi a tsaye ana wucewa.

Tuwo da shinkafa ba sai kin bar su ba, kuma ban yarda da masu cewa sai an koma cin abincin Turawa kafin a rame ba. Ki canza yadda kike cika faranti ne kawai. Rabinsa ya zama ganye da kayan lambu, kamar kwaɗon zogale ko rama, da alayyafo, da kabeji, da yalo, da gurji. Kashi ɗaya cikin huɗu ya zama wake ko kifi ko ƙwai ko kaza ko nama marar kitse. Ragowar kashi ɗayan shi ne na tuwo ko shinkafa ko taliya, gwargwadon dunƙulen hannunki. Malmala ɗaya da miyar kuka ko kuɓewa mai yawa ta fi malmala biyu da miya kaɗan. Tuwon dawa da na gero da acca sun fi farar shinkafa riƙe ciki, haka alale ya fi ƙosai tunda ba a soya shi. Ki lura da ƙuli-ƙulin kwaɗo, don shi ma yana da nasa nauyin idan aka cika. Ki ci karin kumallo mai ɗan ƙarfi, misali dafaffen ƙwai biyu da kunun da ba a cika wa sukari ba, ki tafi ofis da abincinki daga gida, na dare kuma ya zama mafi sauƙi, a ci shi da wuri. Ma'aunin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mu na kasa ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, ya isa jagora a kowane zama.

Wasu za su ce miki ki riƙa azumin Litinin da Alhamis. Ibada ce mai falala, kuma idan kin yi ta don Allah jikinki ma zai amfana, da sharaɗin kada buɗa-baki ya zama wata ƙaramar Sallah. Sai dai ban so ki mayar da ita hukuncin da kike yanke wa kanki saboda abin da kika ci a Katsina.

Motsa jiki yana da muhimmanci, amma ki san iyakarsa don kada ki yaudari kanki. Tafiyar sauri ta minti 30 ga mai nauyinki tana ƙona kalori wajen 130 zuwa 150, ƙasa da abin da yake cikin kwalbar lemo ɗaya, saboda haka ba a goge cin da ya wuce kima da tafiya kaɗai. Amfaninta na gaske shi ne tana kare tsoka yayin da nauyi yake sauka, tana taimaka wa jiki sarrafa sukari, kuma tana hana abin da aka sauke dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu. Minti 30 bayan sallar asuba a cikin unguwa, kwana biyar a mako, ya cika mafi ƙarancin adadin, kuma idan kina son abokan tafiya, ranar Asabar da safe bakin tafkin Jabi cike yake da mata irinki. Idan safiya ta yara ce da shirin makaranta, ki raba shi: minti goma bayan kowane cin abinci, ko da zagaya harabar ofis ne. Ki kuma gyara barcinki, wanda na san hirar dare da 'yan'uwa ta ɓata, domin wanda yake kwana ƙasa da awa bakwai yunwarsa da kwaɗayin zaƙinsa suna ƙaruwa washegari.

Akwai abin da wasiƙarki ta nuna wanda ke ba ki tambaya ba. Ma'aunin da ake kwatanta nauyi da tsawo da shi yana ɗaukar 25 a matsayin farkon nauyin da ya wuce kima, ke kuma da kilo 68 da tsawon mita 1.63 kina kan 25.6 tun kafin ki tafi hutu. Wannan ba abin firgita ba ne, amma idan aka haɗa shi da shekarunki da ciwon mahaifiyarki, ya isa dalilin da za ki je asibiti a gwada sukarin jininki da safe kafin ki ci komai, a kuma auna hawan jini. Sakamakon da ya kai 126 a ma'aunin miligiram, idan aka maimaita ya tabbata, shi ne ciwon suga, abin da yake ƙasa da shi kaɗan kuma gargaɗi ne. Ki sa tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai saitin cibiya. Abin da ake so shi ne kada ya kai rabin tsawonki, wato a wurinki ya tsaya ƙasa da santimita 81 ko 82, domin kitsen ciki shi ne ya fi alaƙa da suga da hawan jini. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da suke gab da kamuwa da ciwon suga, da aka sa su a shirin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Gado yana da tasiri, amma ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Idan kin koma 68 kika ga tsarin bai takura miki ba, ci gaba da shi har 64 ko 65 zai yi miki amfani.

Sai maganar hutu na gaba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Na san abin da yake sa mutum ya ci abinci sau shida a yini a gida ba yunwa ba ce. Gwaggo ta dama fura don ke, Inna ta ce tun asuba take tsaye a kan masar nan, kuma wadda ta zo daga Abuja ta ce ta ƙoshi, sai a ce ta fara girman kai ko tana ƙyamar abincin gida. Ba na ba ki shawarar ki ƙi abincin manya, wannan rashin ladabi ne kuma zai ɓata zumuncin da kika je ƙullawa. Abin da ake bukata a wurinki shi ne ki sa albarka, kuma loma uku tare da yabon girki sun biya wannan. Ki ce, "Gwaggo, a zuba mini a kwano in tafi da shi, na fi so in ci a natse," ba wadda za ta ji haushin wannan. Idan an kawo lemo ki nemi ruwa, kuma idan an matsa, ambaton ciwon Hajiya ya isa hujjar da kowa zai karɓa. Ranar da kika san za ki zaga gidaje huɗu, kada ki ci na gidanku kafin ki fita. Ranar Sallah da ranar ɗaurin aure kuwa ki ci abinki da daɗin rai. Ranakun da suke tsakani, waɗanda ba bikin komai ake yi ba, su ne za ki riƙe.

Idan kin bi wannan tsarin mako shida sikeli bai motsa ba, ko ma yana ƙara hawa, kada ki ƙara matse kanki da yunwa, ki je ki ga likita. Ki fara tabbatar da cewa ba juna biyu gare ki ba, domin idan shi ne, duk maganar rage nauyi ta tsaya. Ki gaya masa duk maganin da kike sha, tunda allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana ƙara wa wasu mata nauyi, haka magunguna irin su piredinisolon da dekzametazon da ake sha barkatai don ciwon gaɓoɓi. Idan kuma akwai kumburin ƙafa da bai sauka ba bayan mako guda, ko kumburin fuska da safe, ko haki idan kin hau bene, ko yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko kasala da jin sanyi da zubar gashi, to waɗannan ba na jiran mako shida ba ne, ki je a cikin makon nan a duba ƙoda da zuciya da sukari da maƙoƙo.